Ma'anonin kalmar 'break down' da yadda ake amfani da ita

Direban da ya ɗauko albasa daga Aliero zuwa Legas, da ɗalibin da ke karatun kimiyya a jami'ar garin, da lauyan da ke nazarin tsarin mulkin Najeriya, duk suna cin karo da kalmar Ingilishi ta "break down", amma kowannensu da abin da take nufi a wurinsa.

Kalmar dai tana cikin waɗanda aka fi ji a labarai da takardun gwamnati da littattafan makaranta, kuma babu wata kalmar Hausa guda ɗaya da za ta iya ɗaukar dukkan ma'anoninta.

Wannan ne ya sa ɗalibai da masu fassara ke yawan yin tuntuɓe a kanta, musamman idan suka ɗauke ta kalma da kalma.

Wane irin aikatau ne?

"Break down" tana cikin rukunin da masana nahawun Ingilishi ke kira "phrasal verb", wato aikatau da ake haɗa shi da wata 'yar ƙaramar kalma kamar "up" ko "out" ko "down", sai su biyun su ba da wata ma'ana ta dabam.

Tun a shekarar 1755 Samuel Johnson ya yi nuni a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi na cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙi masu koyon harshen. Sunan "phrasal verb" kuwa ya bazu ne bayan da marubuci Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a 1925.

Kalmar "break" ita kaɗai ma tana buƙatar kalmomin Hausa da dama. Bahaushe yakan karya sanda, ya fasa tukunya, ya tsinka igiya, ya saɓa alkawari, alhali Bature da "break" yake yin duka.

Garin Aliero ya yi suna wajen ɗorin karaya, har mutane kan zo daga nesa domin a ɗora su. Duk wanda aka kai can ana iya cewa da Ingilishi "he broke his leg", wato ya karye a ƙafa. To amma da zarar an ƙara "down", maganar karaya ta kau, an shiga wani fagen.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa. Kalmar "ci" ta cin abinci ita ce a cikin cin amana da cin kasuwa da cin jarrabawa, kuma babu Bahaushen da ke neman ma'anar tauna da haɗiya a cikinsu. Abin da ke kusa da kalmar shi ke bayyana nufinta.

Lalacewar mota ko inji

Ma'anar da aka fi sani ita ce mota ko inji ya daina aiki saboda wata matsala a cikinsa.

Garin Jega yana kan mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da kuma babbar hanyar da ta yi kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri zuwa Kwantagora. Ta wannan hanya manyan motoci ke bi da albasa da shinkafa da dabbobi zuwa kasuwannin kudu, irin su Mile 12 da ke Legas.

Idan direba ya aika wa mai kaya saƙo cewa "the lorry broke down near Koko", abin da yake nufi shi ne motar ta lalace a kusa da Koko. Wasu kan ce ta ɓaci, wasu kuma su ce ta mutu, idan injin ne ya tsaya.

Ga mai albasa wannan ba ƙaramin labari ba ne, domin kayan gwari ba sa jure zafi a cikin buhu, kuma kowace rana da mota ta ƙara a bakin hanya asara ce.

Haka ma manomin rani da ke ban ruwan shinkafa a fadamun Maiyama zai iya cewa "my water pump has broken down", wato injin ban ruwansa ya lalace. Ana amfani da kalmar ga janareto da tarakta da injin niƙa da injin casar shinkafa.

Daga nan ne aka samu "breakdown truck", sunan da Turawan Ingila ke kiran motar janwe da shi, da kuma sifar "broken-down", kamar a "a broken-down bus", wato motar safa da ta lalace ko ta tsufa ta zama akwala.

Sai dai ba kowace lalacewa ake kira "break down" ba. Idan taya ta fashe ana cewa "burst", idan mai ya ƙare ana cewa "run out of fuel", idan gini ko gada ta rufta ana cewa "collapse". Albasar da ta ruɓe kuwa "rot" ko "go bad" ake faɗa a maganar yau da kullum.

A Najeriya mutane da yawa kan ce "my car has spoiled", saboda tasirin harsunan gida da na burokan Ingilishi. Kowa zai gane a tasha, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis "has broken down" ake so a gani.

Akwai kuma buƙatar a bambanta "break" da "brake". Furucinsu ɗaya ne, rubutunsu da ma'anarsu ne suka bambanta, kuma daga ta biyun Hausa ta aro kalmar birki.

Rushewar tattaunawa da zaman lafiya

Ma'ana ta biyu ta shafi abubuwan da ba a gani da ido, kamar tattaunawa da yarjejeniya da dangantaka da tsarin mulki. Idan aka ce "talks have broken down", ana nufin tattaunawa ta rushe, ko an tashi baram-baram, ko an watse ba tare da cim ma matsaya ba.

Iyaye da ɗalibai a Najeriya sun saba jin wannan a duk lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga takun-saƙa da gwamnatin tarayya. Farfesa Attahiru Jega, wanda ɗan asalin Jega ne, ya shugabanci ƙungiyar daga 1988 zuwa 1994, a zamanin mulkin soja.

A yajin aikin da ƙungiyar ta yi a 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, an sha zama ana tashi babu yarjejeniya, kuma da wannan kalma jaridun Ingilishi suka riƙa ba da labarin.

A fannin shari'a, kalmar tana da nauyi fiye da haka.

Sashe na 305 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa shugaban ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci a wasu yanayi, ciki har da lokacin da aka samu "breakdown of public order and public safety", wato taɓarɓarewar doka da oda da tsaron jama'a, har ta kai ga ana buƙatar matakai na musamman.

Da wannan sashe aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Filato a watan Mayun 2004, da Ekiti a watan Oktoban 2006, da Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, sai kuma Ribas a watan Maris na 2025.

A irin waɗannan lokuta muhawarar lauyoyi da 'yan siyasa takan koma kan tambaya ɗaya, wato ko abin da ya faru ya kai a kira shi "breakdown" ko bai kai ba.

Haka kuma dokar shari'o'in aure ta 1970 ta ce kotu za ta raba aure ne idan ya tabbata cewa "it has broken down irretrievably", wato zaman ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba. Dokar ta shafi auren rajista ne kawai. Auren Musulmi a Kebbi kotunan shari'ar Musulunci ke duba shi.

Idan mutum ne

Idan aka danganta kalmar ga mutum, ma'anar takan koma ga kasa danne abin da ke zuciya. "She broke down in tears" na nufin ta fashe da kuka, ko ta rushe da kuka. Ko an cire "in tears", aka ce "he broke down when he heard the news", abin da ake nufi ke nan: ya kasa daurewa da ya ji labarin.

A labaran kotu da na 'yan sanda ana iya cewa "the suspect broke down under questioning", wato wanda ake tuhuma ya karaya da tambayoyi suka yi masa yawa, har ya fara faɗin abin da yake ɓoyewa.

Ana kuma cewa "his health broke down", wato lafiyarsa ta taɓarɓare. A Ingilishin Najeriya akan ji ma'aikaci ya ce "I broke down last week", yana nufin ciwo ko gajiya ta kwantar da shi. Baturen Ingila da ya ji wannan zai fi zaton mutumin kuka ya yi, ko kuma motarsa ce ta lalace a hanya.

Wata kalmar da ke buƙatar taka-tsantsan ita ce "nervous breakdown". Ba sunan wata cuta ba ce a littattafan likitoci. Jama'a ne ke faɗar ta ga wanda damuwa ta yi wa yawa har ya kasa gudanar da harkokinsa na wani lokaci.

Fassara ta da hauka kuskure ne, kuma kuskuren na iya jawo wa mutum tsangwama a cikin danginsa ko a wurin aikinsa. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya da ke Jega da sauran ma'aikatan asibiti, waɗanda ke karatu da Ingilishi amma suke yi wa majinyata bayani da Hausa, su ne wannan bambanci ya fi shafa. Matsananciyar damuwa ita ce fassarar da ta fi kusa.

Rarrabe lissafi dalla-dalla

A ma'anonin da suka gabata abu ne ke lalacewa da kansa. A wannan kuwa mutum ne ke yin aikin da gangan, kuma babu wata ɓarna a ciki.

"Break down the cost" na nufin a rarrabe kuɗin da aka kashe kashi-kashi. Idan banki ko abokin ciniki ya nemi ɗan kasuwar albasa ya ba shi "breakdown", so yake ya ga nawa aka sayi kayan, nawa ne kuɗin buhu, nawa aka biya 'yan dako, nawa ne kuɗin mota da la'ada da haraji.

Bayan gwamna ya gabatar da kasafin kuɗi, akan kira 'yan jarida domin abin da ake kira "budget breakdown", inda ake fayyace kason da aka ware wa ilimi da lafiya da noma da hanyoyi.

A zaɓe ma haka abin yake. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015, lokacin da Farfesa Jega ke shugabantar hukumar INEC, Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a 15,424,921, shi kuma Goodluck Jonathan ya samu 12,853,162. Wannan shi ne jimilla.

"Breakdown" na sakamakon shi ne abin da aka riƙa karantawa jiha-jiha, daga jihohi 36 da Abuja. A jihar Kebbi ana iya ƙara rarrabe shi zuwa ƙananan hukumomi 21, ciki har da Jega da Aliero da Maiyama, daga nan zuwa mazaɓu, har zuwa rumfunan zaɓe.

Amfanin neman "breakdown" shi ne mutum ya iya bin lissafi da kansa. Wanda aka ba shi jimilla kawai ba shi da hanyar gano inda aka yi kuskure ko aringizo.

Malami a aji kan ce "let me break it down", wato bari in warware muku shi daki-daki.

A ɗakin gwaje-gwaje

An kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero a 2006, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, kuma daga baya aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo. Ɗalibanta na cin karo da wata ma'anar tun daga shekarar farko.

A kimiyyar sinadarai da ta halittu, "break down" na nufin wani abu ya narke ko ya rarrabu zuwa ƙananan sinadaran da suka haɗa shi.

Yawun bakin mutum na ɗauke da wani sinadari mai suna amilas, wanda ke rarraba sitaci ya mai da shi sukari. Shi ya sa burodi kan fara zaƙi idan aka daɗe ana tauna shi. Littafin makaranta zai ce "saliva breaks down starch".

Ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa su ne ke narkar da kashin shanu da karan dawa su zama taki. Leda kuwa takan shekara da shekaru ba ta narke ba, abin da manoman da ke kwasar takin bola suka sani sarai. Da Ingilishi sai a ce "plastic does not break down easily".

Ko hawayen da albasa ke sa mutum yana da nasaba da wannan. Idan wuƙa ta yanka albasa, wani sinadari da ke cikinta yakan rarraba wasu sinadarai masu farar wuta, sai wani tururi ya tashi ya shiga ido.

Masu karatun lantarki kuma suna da tasu. Idan ƙarfin wuta ya fi ƙarfin abin da ke tare ta, sai ta keta shi ta wuce, kuma wannan ma "breakdown" ne. Busasshiyar iska kan kai wannan matsayi a kimanin bolt miliyan 3 a kowace mita.

Ɓalle ƙofa da kawar da shinge

Ma'anar da ta fi kusa da asalin kalmomin biyu ita ce a buge abu da ƙarfi har ya faɗi. "Firemen broke down the door" na nufin 'yan kwana-kwana sun ɓalle ƙofar.

Daga nan aka aro ta zuwa "break down barriers", wato kawar da abin da ke raba mutane, kamar ƙiyayya ko rashin yarda tsakanin al'ummomi.

Ƙa'idojin nahawu

"Break" ba ya cikin aikatau da ake ƙara wa "ed". Siffofinsa su ne "break" da "broke" da "broken". Don haka ana cewa "it broke down yesterday" da "it has broken down". "It has break down" da "it breaked down" duk kuskure ne.

A ma'anar lalacewa da rushewa da fashewa da kuka, aikatau ɗin ƙi-karɓau ne, wato babu wani suna da ke biyo bayansa. Wanda ya rubuta "the driver broke down the lorry" da nufin direba ya lalata mota bai faɗi abin da yake so ba, domin jimlar ta fi kama da cewa direban ya kwance motar gunduwa-gunduwa.

A ma'anar rarrabewa da ɓallewa kuwa so-karɓau ne. Ana iya cewa "break down the figures" ko "break the figures down". Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "break it down" ake cewa, ba a cewa "break down it".

Idan aikatau ne ana rubuta shi kalma biyu, "break down", kuma ana ƙarfafa murya a kan "down". Idan suna ne ana haɗe shi wuri guda, "breakdown", kuma ƙarfin muryar na kan gaɓar farko.

Waɗannan ƙananan bambance-bambance na cikin irin abubuwan da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma sai da kiredit a Ingilishi ɗalibi ke samun gurbi a jami'a.

'Yan uwanta

Sauya ƙaramar kalmar da ke biye da "break" na sauya ma'anar baki ɗaya.

"Break out" na nufin ɓarkewa, kamar ta gobara ko yaƙi ko cutar kwalara. "Break into" na nufin fasa gida ko shago. "Break up" na nufin watsewa, kamar ta taro, ko rabuwar masoya, ko tafiyar makaranta hutu.

"Break away" na nufin ɓallewa daga ƙungiya, irin yadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2024.

Wadda aka fi rikitawa da "break down" ita ce "break off". Idan aka ce "talks broke down", ba a ɗora wa kowa laifi ba, an dai ce tattaunawar ta rushe. Idan kuwa aka ce "the union broke off talks", an nuna cewa ƙungiyar ce ta janye da kanta.

Da "break off" aka ba da labarin yadda Saudiyya ta yanke hulɗar jakadanci da Iran a watan Janairun 2016, kafin ƙasashen biyu su amince su maido da ita a watan Maris na 2023.

Mai fassarar da ya cakuɗa waɗannan biyu zai iya ɗora wa wani ɓangare laifin da labarin asali bai ɗora masa ba.

Yadda za a gane ma'ana

Tambayoyi biyu kan wadatar da mai karatu. Ta farko ita ce ko akwai karɓau a jimlar. Idan akwai, to ana maganar rarrabewa ne, ko narkarwa, ko ɓallewa.

Idan babu, sai a duba wane ne ko mene ne abin ya faru da shi. In mota ce ko inji, ya lalace. In tattaunawa ce ko yarjejeniya, ta rushe. In doka da oda ce ko lafiya, ta taɓarɓare. In sinadari ne, ya narke. In mutum ne, ya fashe da kuka ko ya karaya.

Bayan an gano wannan ne za a zaɓi kalmar Hausar da ta dace da wurin.